Rediyon Kwamfuta: Yadda Ake Gano Matsalar da Ke Zuwa Tana Tafiya

Gabatarwa

Rediyon da aka saba gani a kasuwar Daura da ƙauyukan Sandamu ko Mai'aduwa, kayan cikinsa ne ke tace murya daga igiyoyin da eriya ta kamo. Akwai kuma wani nau'i da ake kira SDR, wanda manhajar kwamfuta ke yin mafi yawan wannan aiki. Aikin na'urar shi ne ta mayar da igiyoyin rediyo lambobi, ta miƙa wa kwamfuta.

A shekarar 2012 aka gano cewa wata 'yar na'urar kallon talabijin mai ɗauke da ƙwayar RTL2832U tana iya wannan aiki, kuma da araha. Da yawansu suna kama tashoshi daga wajen megahaz 24 zuwa sama da 1,700. Masana halittu ma suna amfana da SDR. Shirin Motus, wanda aka soma a Kanada a 2014, yana amfani da shi wajen bin sawun tsuntsaye masu ƙaura da aka maƙala wa ƙananan na'urori. Idan tasha ta ɗauke na minti biyar, tsuntsun da aka yi wata shida ana jira yana iya wucewa ba a sani ba.

Matakin farko: rubuta alamomi

Matsalar da ke zuwa tana tafiya kamar zazzaɓin cizon sauro take: maras lafiya kan iso asibiti jikinsa da sanyi. Shi ya sa likita ke tambayar lokacin da zazzaɓin ke tasowa. Ɗalibi ma ya tanadi littafi, ya riƙa rubuta ranar da rediyon ya ɗauke, da lokaci, da yanayin gari, da abin da ke kunne a kusa.

Daga nan sai tambaya mafi muhimmanci: kwamfuta ce ta daina ganin na'urar gaba ɗaya, ko kuwa tana ganinta amma tashar ta ɓace? Amsar za ta raba binciken gida biyu.

Idan kwamfuta ta daina ganin na'urar

1. Wuta. Kafar USB 2.0 tana ba da bolt 5 da miliamfiya 500, na'urar kuma tana jan wajen 300. Doguwar waya maras kauri, ko raba kafa ɗaya da wasu kayan, kan rage ƙarfin wutar. A gwada gajeriyar waya mai kyau.

2. Zafi. Na'urar kan yi zafi da kanta, ga shi a bazara zafin Daura kan wuce digiri 40. Idan littafi ya nuna ɗaukewar ta fi yawa tsakanin azahar da la'asar, a mayar da ita inuwa inda iska ke ratsawa.

3. Tsimin batir. Kwamfuta kan kashe kafar USB da kanta don rage shan wuta. Ana iya hana ta yin haka a cikin saitinta.

Idan tashar ce ta ɓace

1. Mahaɗar eriya. Ƙarfe yana buɗewa da zafi, yana tsukewa da sanyi, don haka mahaɗar da ba ta ɗauru sosai ba kan saki a wani lokaci na yini. Ƙurar hunturu da tsatsar damina suna ƙara ta'azzara abin. A motsa wayar a hankali ana sauraro. Inda murya ta yanke, nan cutar take.

2. Kutse. Janareta, inbata ta sola, da cajar waya maras inganci suna fitar da hayaniyar lantarki. A kashe su ɗaya bayan ɗaya.

3. Nauyi a kan kwamfuta. Na'urar kan aika samfur har miliyan 2.4 a daƙiƙa ɗaya. Idan kwamfuta ta gaza ɗauka, murya sai ta riƙa sarƙewa. A rage adadin, a rufe sauran manhajoji.

Ƙa'idar gwaji

A sauya abu ɗaya tak a kowane gwaji. Wanda ya sauya waya da eriya da kafa a lokaci guda, ko rediyon ya gyaru, bai san abin da ya gyara shi ba. A zaɓi tashar FM mai ƙarfi tsakanin megahaz 88 da 108 ta zama ma'auni. Kuma idan matsalar kan zo sau ɗaya a yini, shirun awa guda ba shaidar warkewa ba ce. Sai an jira kwana biyu ko uku.

Aiki ga aji

Malamin da ba shi da SDR yana iya koyar da darasin da ƙaramin rediyon batir. A sa shi a wurin da babu tasha a matsakaicin zango, a matso da shi kusa da cajar waya, sannan a janye shi taku ɗaya, biyu, uku. Ɗalibai su rubuta nisan da hayaniyar ta mutu, su maimaita sau uku, su kwatanta sakamakonsu da na sauran rukunoni.