Abin Da Mai Ciki Mai Sana'ar Kanta Za Ta Nema Daga Gwamnati

Wannan takarda an rubuta ta domin matan ƙasar Yawuri, watau na Yawuri da Ngaski da Shanga da na tsibiran tafkin Kainji, waɗanda ke cin abinci da sana'ar hannunsu: masu bandar kifi, da masu turara shinkafa, da masu ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, da masu ɗinki da kitso. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wadda ba ta iya ba. Ya fi kyau kuma a karanta maigida yana zaune, gama akwai nasa rabo a ciki.

Mata da yawa sukan yi tambaya su ce, "Malamar makaranta in ta haihu ana ba ta hutu, albashinta kuwa yana tafiya. To, mu da ba mu da ubangida fa, ina namu?" Tambaya ce mai kyau, ya kamata a amsa ta ba tare da kwana-kwana ba.

Abin da doka ta ce

A cikin Dokar Ƙwadago ta Nijeriya, sashe na 54, an ba ma'aikaciya mai ciki hutun mako 12, watau mako 6 kafin haihuwa, mako 6 bayanta. Idan ta cika wata 6 tana aiki a wurin, lalle ne a biya ta abin da bai kasa rabin albashinta ba. Bayan ta koma aiki kuma a ba ta rabin awa sau biyu kowace rana domin ta ba jariri nono. Amma a lura da wanda ke biyan kuɗin nan: wanda ya ɗauke ta aiki ne, ba baitulmali ba. Mai bandar kifi a Wara ita ce ubangidan kanta, saboda haka dokar nan ba ta da wanda za ta kama mata.

A Ingila ba haka abin yake ba. Can mace mai sana'ar kanta, idan an rubuta sunanta wurin masu haraji, ta kuma yi sana'ar mako 26 cikin mako 66 da suka gabaci haihuwa, gwamnati takan ba ta kuɗi har na mako 39. Nijeriya ba ta da irin wannan asusu. Saboda haka duk wanda ya zo gari da takarda a hannu, ya ce a ba shi wani abu ya rubuta sunan mai ciki domin a riƙa aiko mata da albashin jego, mazambaci ne, a kai maganarsa wurin dagaci.

Abin da gwamnati ta tanada wa mai ciki ba tsabar kuɗi ba ne, kulawa ce: awon ciki, da magani, da karɓar haihuwa, da fiɗa idan ta kama. Kada a raina wannan. Wanda ya taɓa sayar da koma ko saniya da tsakar dare domin biyan kuɗin asibiti ya san darajarsa.

Inda kuɗin ke fitowa

A 2014 aka yi Dokar Lafiya ta Ƙasa. Ta ce kowace shekara Gwamnatin Tarayya ta ware abin da bai kasa kashi 1 cikin 100 na kuɗin da ke shiga babban asusunta ba, domin lafiyar talakawa a ƙananan asibitoci. Ba a fara sa kuɗin cikin kasafi ba sai a 2018. Rabinsa na biyan maganin waɗanda aka rubuta sunansu ne. Yawancin saura kuma na sayen magunguna ne, da gyaran ɗakunan shan magani, da ɗaukar ma'aikata. Nufin shi ne kowace mazaɓa ta sami asibiti guda mai aiki sosai.

A 2022 kuma aka yi sabuwar dokar inshorar lafiya. Inshora, watau jama'a su tara kuɗi wuri ɗaya tun suna lafiya, wanda ciwo ya kama a yi masa magani daga ciki; kamar adashi ke nan, sai dai kwasar ta mai larura ce. Dokar nan ta ambaci waɗanda za a biya musu domin rauninsu, ta sa mata masu ciki a ciki, tare da yara 'yan ƙasa da shekara 5, da tsofaffi, da naƙasassu, da matalauta. A Jihar Kebbi hukumar da ke riƙe da wannan aiki ita ce KECHEMA, babban ofishinta yana Birnin Kebbi.

Yadda ake nema

Abu na fari shi ne lambar shaidar ɗan ƙasa, wadda ake kira NIN. Mace ta yi tata tun ba ta da ciki, gama da ita ake rubuta suna, ta mijinta kuwa ba ta isar mata.

Sa'an nan da zarar ta ga wata biyu sun wuce ba ta ga al'ada ba, ta tafi asibitin mazaɓarta a buɗe mata katin awo. A can ta tambayi shugaban asibitin ko suna cikin waɗanda ke karɓar kuɗin asusun nan, da yaushe ake rubuta sunaye. Kowace mazaɓa tana da kwamitin dattawa da ke lura da asibitinta, su ma ana iya tambayarsu. Gaskiya ita ce gurabun kyauta ba su kai yawan masu bukata ba, akan kuma fara da waɗanda suka fi talauci. Wadda sana'arta ke tafiya, ba ta kuwa sami gurbi ba, tana iya shiga inshorar da kuɗinta, ta biya na shekara. Ƙungiyar masu kifi ko ta 'yan kasuwa tana iya shigar da mutanenta gaba ɗaya. In an biya, a karɓi rasit, a adana shi tare da kati.

Babban kuskuren da ake yi shi ne jira. Kunyar cikin fari takan sa yarinya ta ɓoye har wata bakwai. Mai sana'a kuma takan ce ba ta da sukuni, ranar awo ta faɗa ranar kasuwa. Amma rubuta suna ba ya gamuwa rana ɗaya, sau da yawa sai an yi makonni kafin kati ya fara aiki. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wadda aka kawo tana naƙuda ba sunanta a littafi, za a karɓe ta, amma mai yiwuwa ne sai danginta sun buɗe bakin aljihu.

Awon kansa, tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a yi shi sau 8, na fari cikin wata uku na farkon ciki. Akan auna jini da fitsari, a ba da ƙwayar ƙarin jini, a yi allurar rigakafin sandarewar jarirai. Daga wata na huɗu akan ba da Fansidar wata-wata, aƙalla sau 3, domin zazzaɓin cizon sauro. Mu da ke zaune bakin ruwa ba sai an gaya mana yawan sauro ba.

Maganar fiɗa da maganar jirgi

A watan Nuwamba na 2024 Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya ba da sanarwa cewa matalauciyar da haihuwa ta gagara za a yi mata fiɗa kyauta a asibitocin da aka zaɓa. Dalili kuwa a fili yake: binciken da aka yi a 2018 ya nuna cikin kowace haihuwa 100,000 a ƙasar nan mata 512 ke rasuwa. Tun ranar awo mai ciki ta tambaya wane asibiti ne mafi kusa da ke cikin wannan shiri, kada a bari sai ana gudu.

Nan ƙasarmu tana da wata wahala da mutanen tudu ba su sani ba. Tun da aka gama madatsar Kainji a 1968 ruwa ya raba garuruwa da yawa da hanyar mota. Matar da ke gungu, tsakaninta da babban asibitin Yelwa akwai jirgi, da mai, da matuƙi. Ga shi hukumar hanyoyin ruwa ta hana tafiyar dare, mutanen Wara kuwa ba su manta da jirgin da ya nutse da jama'a masu yawa a watan Mayu na 2021 ba. Naƙuda ba ta san dare ba. Saboda haka wadda aka gaya mata wurin awo cewa cikinta na da haɗari, ko mai cikin fari, ko wadda aka taɓa yi wa fiɗa, ta ƙetare zuwa wurin dangi kusa da asibiti tun wata na tara yana kamawa. Al'adar goyon ciki ma ta riga ta share wannan hanya. Zubar jini, ko kumburin fuska da ciwon kai mai tsanani, ko jijjiga, ko naƙudar da ta wuce awa 12, ba a jiran gari ya waye da su a gida.

Kwana arba'in

Saura maganar cinikin da zai tsaya. Wannan gwamnati ba ta biya, sai mace ta shirya da kanta. A ce ribarta naira 2,000 ce a rana. Kwana 40 na jego ke nan naira 80,000 ba su shigo ba. In ta fara ajiye naira 500 kullum tun ciki na wata huɗu, cikin kwana 160 ta tara su. Mai zuba adashi ta roƙi uwar adashi a sa kwasarta ta faɗo watan haihuwa. Mata sun saba yi wa juna wannan alheri. Kuɗin nan a raba su da jari, gama jarin da aka cinye a jego da wuya ya komo. Mai banda kuma ta nemi 'yar'uwa da za ta riƙe mata murhu da masu sayenta tun wata na takwas, don hayaƙi da ɗaukar itace ba su dace da tsohon ciki ba.

Kai kuma maigida, sana'ar matarka ba ta sauke maka nauyi ba. Ci da sha da sutura suna wuyanka, malaman Malikiyya kuwa har ladan ungozoma sun lissafa cikin abin da miji ke biya. Kuɗin jirgi da na mota a yau suna bin wannan sawu. Ka ba da izinin zuwa asibiti tun yanzu, a gaban shaidu, domin in abu ya taso kana kan ruwa ko kana kasuwa kada a tsaya nemanka.

Bayan an sauka lafiya, a komo asibiti a duba uwa da jariri, a fara masa rigakafi. A kuma rubuta haihuwarsa wurin ma'aikacin Hukumar Ƙidaya cikin kwana 60, a karɓi takarda. Da ita za a yi masa tasa lambar, a sa shi cikin yaran da ake yi wa magani har ya cika shekara 5.