Rumbun bayanai yana jan ƙafa daga Batsari

Tambaya: Ni ma'aikacin adana bayanai ne a wani asibitin Batsari. Manhajar DHIS2 takan ɗauki mintuna kafin ta buɗe, alhali a Katsina nan take take buɗewa. Kwamfutata ce ta tsufa?

Amsa: Malam, da wuya laifin kwamfutar ne. Rumbun yana kan wata babbar kwamfuta a nesa, kowace buƙata sai ta je ta dawo. Idan sabis ya yi rauni, kai-komon nan ne ke cinye lokaci.

Gwada kwamfutar a Katsina. Idan ta yi sauri, matsalar layi ce. Ɗaga na'urar intanet ɗinka kusa da taga, ka tanadi layuka biyu na kamfanoni daban. Riƙa kiran rahoton wata guda maimakon shekara. Sauke DHIS2 Capture a wayar Android: tana karɓar bayanai ba intanet, sai ka tura su da asuba lokacin da layi ba cunkoso. Ajiye kwafi a hannu yana da amfani: a 2021 an katse sadarwa a Batsari da Safana saboda tsaro.