Kafin Ki Cike Takardar Digiri na Uku

'Yata, an ce mini kina shirin komawa makaranta, digiri na uku kike so a fannin muhalli. Madalla, Allah ya sa albarka. Zauna mu ɗan zanta.

Ƙofofi dai akwai su. Ga cibiyar binciken noman yankunan ƙarancin ruwa a Jami'ar Bayero. Ga shirin WASCAL da Jamus ke tallafa wa, ana karatunsa a Minna da Akure da Yamai. Ga tallafin DAAD da na Commonwealth ga mai son fita waje. Mai nema yana tare da samu. Sai dai kada ki fara da neman kuɗin. Fara samun tambayar da ta dame ki, domin masu ba da tallafi ita suke dubawa.

Dubi fadamar Haɗeja da Nguru. Da can ruwa kan malala da damina, ya janye da rani. Aka gina dam ɗin Tiga a 1974, aka ƙara na Challawa a 1992, duka a kan kogunan da ke kai ruwa fadamar. Sai ruwa ya koma kwanciya a wasu magudanai shekara cur. Ciyawar kachalla ta samu yadda take so. Ta toshe hanyoyin ruwa, ta mamaye gonakin shinkafa. Masunci ya rasa inda zai bi da kwalekwale. Tsuntsun jan baki ya samu maɓoya, yana fitowa yana sauka a kan hatsin mutane. Ruwa ba ya tsami banza. Waɗanda suka gina dam alheri suka nufa, Kano tana shan ruwan, Kadawa tana noman rani. Amma halittun wuri ɗaya a sarƙe suke, in an taɓa guda saura sai sun motsa. Nan kaɗai akwai aikin digiri da yawa.

Irin wannan bincike ba ya son gaggawa. In tsuntsayen da ke zuwa Dagona, a wannan fadama, daga Turai za ki ƙirga, dole hunturu ya same ki a can. In kuɗi suka makara lokacin ya wuce, kin rasa shekara guda, ba wata guda ba. Tsara tafiyarki da kakar, ki bar rarar lokaci.

Malamin da zai duba aikinki kuwa, karanta abin da ya rubuta. Sannan ki tambayi tsofaffin ɗalibansa a asirce ko yana dawo da babi a kan kari. Babban suna ba shi ke karanta babi ba.

In kin isa ƙauye, fara gaida mai gari da sarkin ruwa kafin ki fito da na'ura. Tsohon masunci zai lissafa miki kifayen da suka yi ƙaranci, ya nuna miki inda ruwa ke kaiwa da yana yaro. Rubuta, ki ambaci gudummawarsu. In kin gama, koma ki faɗa musu abin da kika gano da harshen da suke ji. Ɗalibin da zai zo bayanki, tarbar da kika bari zai tarar.

Littafin da kike rubutu a ciki a wurin bincike, sa shi a leda, ki riƙa ɗaukar hoton shafukan kowane dare.