Tanadin Magana Kafin Ranar da Waya Za Ta Yi Shiru

Duk wanda ya yi aikin turakun sadarwa, kamar yadda Allah Ya ƙaddara mini na yi shi shekaru masu yawa a tsakanin Gwandu da Kalgo da Jega, ya san abin da mai waya a aljihu bai cika tunawa da shi ba, wato muryar da yake ji daga Kano ko daga Makka ta dogara ne ga turken ƙarfe guda, turken ya dogara ga janareto, janareton kuwa ba ya motsi sai motar dizal ta iso gare shi. Saboda haka idan ruwa ya cinye hanya, ba a jimawa batura su ƙare, sabis ya ɗauke, a daidai sa'ar da ake neman mai kwale-kwale, ko ake son a sanar da asibiti cewa ga mai naƙuda nan tafe. Mutanen ƙasar nan ba su manta da ambaliyar 2010 ba, wadda ta biyo Gulbin Rima daga wajen madatsar Goronyo, balle ta 2020 da ta shafe shinkafar fadamun Kabi ta yanke hanyoyi. A watan Satumba na 2021 kuma, ba ruwa ba iska, hukuma ta rufe layukan waya a jihar Zamfara baki ɗaya saboda sha'anin tsaro, har mutum ya hau mota zuwa wata jiha don kawai ya gaya wa danginsa yana raye.

A Amurka da Kanada akwai jama'a masu sha'awar rediyo, malamai da manoma da ɗalibai, waɗanda suka ci jarrabawa suka karɓi lasisin aika magana ta iska, kuma tun daga 1933 suke da al'adar fita fili sau ɗaya a shekara, wadda a yanzu take faɗowa a ƙarshen mako na huɗu na watan Yuni. Sukan bar ɗakunansu, su kafa rumfa a makiyaya ko filin makaranta, su ɗaga eriya, su yi sa'o'i 24 suna neman junansu, ana kuwa ƙara wa ƙungiya maki idan ba ta taɓa wutar gari ba. A zahiri wasa ne da gasa, amma fa'idarsa ta bayyana a 2017, yayin da guguwar Mariya ta rusa sadarwar tsibirin Puerto Rico, irin waɗannan mutane suka riƙa isar da saƙonnin agaji. Nijeriya ma tana da ƙungiyarsu, alamar kiranmu tana farawa da 5N, ta maƙwabtanmu Nijar da 5U, sai dai a wannan yanki namu da wuya ka gamu da mai ita.

Abin da ake bukata bai kai yadda ake zato ba. Oba-oba ta hannu, irin ta masu gadi, ba ta wuce 'yan kilomitoci a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, domin zangonta yana tafiya ne miƙe, tudu ko gini ya tare shi. Amma rediyo mai gajeren zango, idan aka ba ta batirin mota mai bolt 12 da faifan sola, aka miƙa mata wayar tagulla mai tsawon kusan mita 20 tsakanin bishiyoyin dogonyaro biyu, aka kuma bar wayar ƙasa-ƙasa da gangan, sai maganar ta haura sama ta dawo ta sauka a kewayen ɗaruruwan kilomitoci, ta yadda mai zaune a garin Malisa zai ji Birnin Kabi da Argungu da Yawuri ba tare da turke ko ɗaya a tsakani ba. Da rana zangon mita 40 ya fi amsawa, da dare a koma na mita 80, ko da yake tsawar damina takan cika shi da ƙara har kunne ya gaji.

Sai dai abin da na gani da idona a wurin aiki shi ne, ba kasafai na'ura ke ba da kunya ba. An taɓa kirana wani ofis, ba zan ambaci sunansa ba, in duba oba-obar da aka saya domin ranar gaggawa. Na tarar da su cikin kwalayensu ko ledar ba a ɓare ba, baturan sun kumbura, wasu sun tsiyaye sun ci ƙarfen ciki ya yi tsanwa, babu kuma ma'aikaci ɗaya da ya san tashar da za a haɗu a kai. Da muka gyara muka gwada, sai wata illar ta fito, wadda ta fi ta batir tsanani: mutuminmu yana danna maɓalli ya fara da sallama, da ina kwana, da ina gajiya, da yaya iyali, alhali muddin yana riƙe da maɓallin babu wanda zai iya cewa uffan a tashar, sa'an nan saƙon da ya tashi a kan mutum bakwai sun maƙale a tunga, kafin ya ratsa baki uku ya zama mutum saba'in sun nutse. Malamanmu na hadisi sun riga mu sanin wannan ciwo, shi ya sa ba su karɓar riwaya sai daga amintacce mai kiyaye lafazi, da isnadi sananne. Haka mai isar da saƙon gaggawa ya wajaba ya rubuta wanda ya aiko, da wuri, da lokaci, da adadi, ya karanta a hankali, mai karɓa ya maimaita masa kalma bayan kalma kafin a ce an gama. Wannan ladabi ba ya samuwa da karatu, sai da maimaici a fili, cikin rana da ƙura.

Ina gargaɗi da babbar murya cewa kada wani ya karanta wannan ya ruga kasuwa ya sayo oba-oba ya kama magana, domin aika saƙo ta iska ba da lasisin gwamnatin tarayya ba laifi ne, kuma a halin da ake ciki wanda aka kama da ita a bakin daji zai sha wahalar bayani kafin a yarda ba ɗan leƙen asirin ɓarayi ba ne. A fara da izinin hakimi, a sanar da 'yan sanda da hukumar agajin gaggawa ta jiha rana da wuri da sunayen masu fita.

A ganina wannan aiki na fita fili gwajin rediyo farali ne na kifaya, wanda idan kaɗan suka tsaya masa sun ɗauke wa saura, kuma waɗanda suka fi cancanta su ne malamai da ɗaliban lantarki na kwalejin Waziri Umaru da ke Birnin Kabi da na jami'ar Aliero, tare da 'yan sikawut, waɗanda tun 1958 suke da taronsu na duniya ta rediyo, wanda a yanzu ake yi a kowane Oktoba. Lokacin kuwa kada mu ara na Amurkawa, gama ruwanmu yana cika ne a Agusta da Satumba. Watan Mayu ya fi dacewa, kafin shuka ta ɗauke hankalin kowa, a kafa tasha ɗaya a Malisa, ɗaya a Gwandu, ɗaya a bakin fadamar Kalgo, a kashe wayoyin hannu tun daga hantsi har la'asar, a aika saƙo goma rubutattu, da yamma a zauna a gwada abin da aka aika da abin da ya isa.