Ga Mai Niyyar Hutu a Tsibirin Zanzibar

Wani ɗan'uwa, ma'aikaci a Dutsin-Ma wanda mahaifarsa Kurfi, ya rubuto yana cewa ya daɗe yana tara ɗan abin da Allah Ya hore masa da nufin ya kai iyalinsa hutu tsibirin Zanzibar, amma da ya shawarci abokai sai suka rabu biyu: wasu suka ce almubazzaranci ne, wurin kuma na Turawa ne masu yawo tsirara a bakin teku, wasu kuwa suka ce ya kama ɗaki a babban otal ya miƙe ƙafa abinsa, kada ya wahalar da kansa da shiga gari. Yana neman a bayyana masa wanne ne daidai, in kuwa tafiyar ta halatta, yaya zai yi ta.

Malam, Allah Ya ƙara maka buɗi. Ka fara da auna aljihunka da ma'aunin shari'a, domin idan kuɗin nan bashi ne, ko kuwa haƙƙin wani na rataye a wuyanka, ko sun kai su kai ka Hajji alhali ba ka sauke farali ba, to magana ta ƙare, wajibi yana gaba da mubahi. Idan kuwa ka kuɓuta daga waɗannan, babu israfi ga mutum ya huta, ya faranta wa matarsa, ya kuma yi tafiya a bayan ƙasa domin lura da ayyukan Ubangiji da labarin al'ummomin da suka shuɗe, abin da Alƙur'ani mai girma ya kwaɗaitar a kansa a wurare da dama. Abokanka na ɓangarorin biyu, duk da saɓaninsu, kuskurensu guda ne, wato sun ɗauka otal shi ne tsibirin; shi kuwa wanda ya ƙetare rabin Afirka ya ƙare kwanakinsa a cikin katangar masauki, daidai yake da wanda ya je Katsina ya kwana a tasha, ya dawo yana cewa ya ga birnin Dikko.

Zanzibar ƙasar Musulmi ce tun da daɗewa, a cikin Tekun Indiya, kusa da gaɓar Tanzaniya, kuma manyan tsibiranta biyu ne, Unguja da Pemba. A ƙauyen Kizimkazi, can kudancin Unguja, akwai masallacin da rubutun Kufi na jikin bangon alƙiblarsa ke ɗauke da shekara ta 500 bayan Hijira, wato 1107, tun kafin a ji ɗuriyar Muhammadu Korau a Katsina da ƙarnuka. Iskar da ke kaɗawa daga arewa maso gabas wata da watanni, sa'an nan ta juya ta kaɗa daga kudu, ita ce ta riƙa kawo jiragen ruwa masu filafilai daga Oman da Farisa da Indiya tana kuma mayar da su, har Sarkin Oman, Sayyid Sa'id, ya ga tsibirin ya fi masa Maskat albarka, ya mayar da fadarsa can wajen 1840, ya cika ƙasar da gonakin kanumfari. Kanumfarin nan da matanmu ke sakawa a kunu da yaji, a wani zamani mafi yawansa a duniya daga waɗannan tsibirai yake fitowa. Ingila ta ɗora hannunta a 1890. A Agustan 1896 jiragenta suka yi wa fadar sarki ruwan wuta a yaƙin da bai kai awa guda ba. A Janairun 1964 aka yi juyin juya hali mai zubar da jini wanda ya kawar da sarautar, a Afrilun wannan shekara kuma aka haɗe da Tanganyika aka sami Tanzaniya.

Saboda haka shawarata ita ce ka raba kwanakinka biyu, kuma ka gabatar da gari a kan teku. Ka sauka tukuna a tsohon birnin, wanda Turawa ke kira Stone Town, wanda hukumar UNESCO ta sanya cikin kayan tarihin duniya a 2000, ka kwana biyu ko uku a ɗaya daga cikin ƙananan masaukansa, waɗanda galibi tsofaffin gidajen attajirai ne aka gyara. Ka ɗauki ɗan jagora mai lasisi, ɗan gari, ku yi ciniki tun kafin ku ɗaga ƙafa, ya bi da ku lungunan da mota ba ta shiga, ya nuna muku ƙofofin katako masu sassaƙa da ƙusoshin tagulla, da tsohuwar ganuwar Larabawan Oman, da Baitul Aja'ib wanda Sarki Bargash ya gina a 1883, ko da yake wani sashe nasa ya rufta a ƙarshen 2020. Da hantsi ku shiga kasuwar Darajani, inda uwargida za ta fi ka sanin abin da ya kamata a saya na kirfa da kanumfari da masoro. Da almuru kuma ku tafi lambun Forodhani inda ake gasa kifi a bakin ruwa. Kada ƙyanƙyami ya hana ka ɗanɗana ƙaguwa ko jatan lande ko waccan halitta mai hannuwa takwas, domin a mazhabarmu ta Malikiyya abin da ke rayuwa a teku halal ne. Bayan wannan sai ku koma Nungwi a arewa ko Paje a gabas ku huta da hujja.

Akwai wuri guda da nake roƙon kada ka tsallake, ko da zuciya ta ƙi, shi ne inda kasuwar bayi take, wadda aka rufe a 1873, aka gina majami'ar Angilika a kanta. Za a nuna maka ɗakunan ƙarƙashin ƙasa da gumakan tunawa masu sarƙa a wuya. Idan ka tsaya a can, kada ka kalli abin a matsayin zunubin wasu mutane na nesa, alhali kasuwannin Katsina da Kano su ma sun sayar da 'yan Adam ga ayarin da ke ƙetare Sahara zuwa Gat da Tarabulus, har Turawa suka iso. Mu mun yi shiru a kan namu, ba mu kafa masa ko alama ba. Su sun buɗe nasu ga kowane baƙo, kuma a ganina wannan ya isa darasi ga mai hankali.

Sai mas'alar ibada, wadda ita ce matafiyanmu suka fi tuntuɓe a kanta. Kai da ka tashi kana fuskantar gabas, ka sani cewa Zanzibar tana kudu da Makka kusan kai tsaye, don haka alƙibla a can arewa take. Ka tambaya a masauki, kada ka dogara da fitowar rana. Game da kasaru, kana yin ta a hanya, amma muddin ka yi niyyar zama kwana huɗu cikakku a wuri guda, hukuncin matafiyi ya faɗi, sai ka cika salla. Mafi yawan mutanen tsibirin Shafi'awa ne, tare da Ibadawa da 'yan Shi'a 'yan asalin Indiya, saboda haka idan ka ji liman ya bayyana Bisimilla, ko ya yi ƙunutin Asuba a fili bayan ruku'u jama'a na amsawa, ka bi shi da natsuwa, saɓani ne na malamai magabata wanda bai ɓata sallar kowa ba. Tsiraicin da abokanka suka tsorata ka da shi yana nan a gaban wasu manyan otal-otal, ba zan ɓoye maka ba, haka ma giya. Amma a cikin gari za ka tarar da mata cikin lulluɓi da maza cikin farar riga da hula, kuma kana iya tambaya tun kafin ka biya kuɗi ko masaukin yana sayar da barasa.

Teku kuwa, ina yi maka gargaɗi da babbar murya. Ruwan da ka sani shi ne na madatsar Zobe, wanda ke kwance wuri guda, ba ya ƙaruwa sai da damina. Na teku yana cika yana janyewa sau biyu a yini da dare, a gabashin tsibirin har yakan ja da baya nesa ƙwarai, mata su shiga su kula da gonakinsu na ciyawar ruwa, sa'an nan ya komo da sauri fiye da yadda baƙo ke zato. Ka tambayi lokacin cikarsa kowace safiya, ku sa takalmi saboda halittu masu ƙaya da ke cikin rairayi, kada kuma ku hau kwalekwale ba tare da rigar kariya ba, ko da matuƙin ya rantse.

Ta fuskar takardu, bizar Tanzaniya ga ɗan Nijeriya tana buƙatar amincewa tun daga can, tana kuwa ɗaukar lokaci, don haka ka neme ta da wuri kafin ka sayi tikitin da ba a mayar da kuɗinsa. Ka riƙe katin rigakafin shawara, ka tanadi maganin zazzaɓin cizon sauro bisa shawarar likita, ka kuma sani cewa tun Oktoban 2024 gwamnatin Zanzibar ta wajabta wa baƙi sayen inshorarta. Babbar daminarsu daga Maris zuwa Mayu take, mafi daɗin lokaci kuwa daga Yuni zuwa Oktoba. Agogonsu yana gaba da namu da awa biyu, sa'an nan a harshen Suwahili ana fara ƙirgen awoyi daga wayewar gari, har ƙarfe bakwai na safe ya zama ƙarfe ɗaya a bakinsu. Duk alkawarin da ka ƙulla da direba, ka tabbatar da wane ƙirge yake nufi.

Abu na ƙarshe, wanda na fi so ka fara da shi tun kana jiran biza: ziyara sana'a ce da ake koyo, kuma a gida ake koyonta. Mutanen can za su tambaye ka labarin ƙasarka, abin kunya ne kuwa ka san Sayyid Sa'id ka kasa faɗin dalilin da ya sa hakimin Dutsin-Ma ke riƙe da sarautar 'Yandakan Katsina, na Kurfi kuma Maraɗin Katsina. Ka zauna da dattawan fada ka tambaye su, ka kai 'ya'yanka su ga dutsen da garin ya ci sunansa, da madatsar Zobe da aka kammala a kan kogin Karaduwa a 1983. Wata Asabar ku bi ta Kurfi ku shiga Katsina ku ga Ƙofar 'Yandaka da hasumiyar Gobarau da tsohuwar Kwalejin Katsina wadda yanzu gidan tarihi ce, in hali ya yi ku ƙarasa Durɓi ta Kusheyi a ƙasar Mani. Sai dai, saboda halin da yankinmu ke ciki na 'yan bindiga, ku tambayi lafiyar hanya a wurin direbobin tasha kafin ku tashi, ku fita bayan rana ta ɗaga, ku kuma komo gida kafin La'asar sakaliya.