Darasin Kimiyyar Noma: Ciwon Tabon Ganye a Dankalin Turawa

'Yan'uwa ɗalibai da iyayenmu, dankalin turawan da ake saya a Halaga ko a kasuwar Bab Makka, da yawansa daga gonakin Ha'il, Tabuk da Ƙasim yake zuwa. A gida Najeriya kuwa, Jihar Filato ce cibiyar nomansa, musamman Bokkos, Mangu da Barikin Ladi. Can da nan, akwai ciwon da ke rage wa manoma amfani: tabon ganye, wanda littattafanmu na Larabci ke kira al-lafha al-mubakkira.

Me ke kawo shi?

Wata funfuna ce mai suna Alternaria solani, dangin wadda ke fitowa a kan burodi idan ya daɗe. Tana zama cikin ragowar tsohuwar shuka, iska da fantsamar ruwa su kai ƙwayoyinta kan ganye. Ta fi son ɗumi na digiri 24 zuwa 29, tare da ganyen da ke jiƙewa yana bushewa. Shi ya sa raɓa da ban ruwa ta sama, irin na manyan gonakin Saudiyya, ke taimaka mata.

Yadda ake gane shi

Duba ganyen ƙasa, domin tsofaffin ganye yake fara kamawa. Za ka ga tabo ruwan ƙasa mai duhu, da zobe cikin zobe kamar an yanka albasa, kewayensa ya yi ɗorawa. Tabon na yaɗuwa sama har ganye ya bushe. A ganye shuka ke haɗa abincinta da hasken rana, don haka idan ganye ya mutu da wuri, 'ya'yan dankali sai su tsaya ƙanana.

Kada a rikita shi da al-lafha al-muta'akhkhira. Wannan ya fi son sanyi da laima, tabonsa babba ne kamar an zuba ruwan zafi, da farar funfuna a bayan ganye, kuma yana iya cinye gona cikin 'yan kwanaki. Shi ne ya jawo yunwar ƙasar Ayalan da ta fara a 1845, wadda ta kashe kimanin mutum miliyan ɗaya. Shi ne kuma ya fi damun manoman Filato da damina.

Yadda ake magance shi

1. A shuka iri mai lafiya.
2. Kada a maimaita dankali a fili ɗaya sai bayan shekara 2 ko 3. A sa masara ko wake a tsakani, ban da tumatir, don shi ma yana kamuwa.
3. A ba da tazara tsakanin shuke-shuke don iska ta ratsa.
4. A yi ban ruwa da safe, ganye ya bushe kafin dare.
5. A ba da isasshen taki, domin shuka mai yunwa ta fi saurin kamuwa.
6. A kwashe ragowar shuka bayan girbi, a binne ko a ƙone.
7. Da an ga tabon farko, a yi feshi da maganin funfuna irin su mancozeb, yawanci duk kwana 7 zuwa 10, bisa umarnin da ke jikin kwalinsa da shawarar malamin gona.

Abu biyu ke jawo asarar kuɗi. Maganin ƙwari ba ya kashe funfuna. Kuma feshi ba ya warkar da ganyen da ya riga ya kamu, sauran kawai yake karewa. Iyayenmu masu aika kuɗin iri da taki ga 'yan'uwa a gida, ku tambaye su wane tabo suka gani kafin a sayi magani.

Aikin gida

Mai tumatir a tukunya a saman bene ya duba ganyen ƙasa, ya zana tabon da ya gani, ya rubuta wanne ne cikin biyun da dalilinsa.