A bar fadamar tukuna, Kawu

Ranar ƙaramar Sallah, bayan mun sauko daga idi a Rogo Ruma, wani kawuna ya ja ni gefe ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gida. Ya ce, "Malam, ƙanenka ya gama karatun jinya, an ce akwai hanyar Ingila. Nawa zan tanada? In ta kama, ko fadamar raken ce sai a ɗaga ta." Na ce, "Kawu, a bar fadamar tukuna. Akwai abu biyu da mai nuna hanyar bai faɗa muku ba."

Sana'ata koyar da Turanci a Kano ga masu shirin jarrabawar IELTS, akasarinsu ma'aikatan jinya. Duk wanda ya shigo ajina ya haddace kuɗin biza da na jirgi. Da wuya ka ga wanda ya lissafa harshe da haya, alhali su ne ke karya mutum.

Mutanenmu kan ce ai Turanci ne harshen gwamnati a Najeriya, me za a gwada kuma? To, Birtaniya tana da jerin ƙasashen da ta yafe wa gwajin, irin su Jamaika da Kanada, kuma babu Najeriya a ciki. Hukumar rajistar ma'aikatan jinya ta can, NMC, tana neman maki 7 cikin 9 a sauraro da karatu da magana, 6.5 a rubutu. Sakamakon kuma shekara biyu yake yi ya mutu.

Na taɓa samun wata ɗaliba da ta ci Turanci da kyau a WAEC, rubutunta kamar a wanke hannu kafin a taɓa. Ranar farko na kunna musu muryar wani Bature yana neman ɗaki ta waya, yana jero lambar gida da sunan titi. Da na kashe, sai ta ɗago kai ta ce, "Malam, a maimaita mana." Na ce a ɗakin jarrabawa sau ɗaya ake kunnawa. Ta ajiye biro, ta yi tagumi. Sai a zama na uku ta haye, kuma kowane zama da kuɗinsa.

Wannan fa ƙofar shiga ce kawai. Ranar da za ka nemi takardar zama na dindindin akwai wata jarrabawar kan tarihi da dokokin ƙasar, tambaya 24 cikin minti 45, sai ka ci 18. Matarka ma sai ta zauna ta, ta kuma nuna nata Turancin. A nan magidanta da yawa ke yin shiru, don sun san wadda suka baro a gida ko firamare ba a bari ta ƙarasa ba. Jamus ta fi tsanani: yawanci mace ba ta samun bizar bin mijinta sai ta ci matakin farko na Jamusanci, A1, tun tana gida, zama na dindindin kuma sai da B1.

Batun haya ya fi ba ni wahalar bayani a ƙauye, don ba mu san zafinta ba. Saurayi zai yi aure, a yanka masa fili a gidan gado, a buga bulo, a ɗora kwano, shi ke nan. Ko a Kano shekara-shekara ake biya, mutum ya huta. A Ingila wata-wata ne, kuma kafin a miƙa maka makulli za ka ba da na watan farko, ka ajiye kuɗin jingina da doka ta yarda ya kai hayar mako biyar. Ga harajin ƙaramar hukuma da mazaunin gida ke biya, ga kuɗin ɗumama ɗaki a hunturu, wanda ba irin sanyin da ake korewa da karan dawa ba ne. Ka duba wannan: mai neman bizar aiki ana so ya nuna fam 1,270 a asusunsa na kwana 28, amma a 2025 matsakaiciyar hayar gida a Birtaniya ta haura fam 1,300 a wata, a Landan ta wuce 2,000. Kuɗin da ya ba ka biza bai kai hayar wata guda ba. Shi ya sa za ka ga hoton mutum da babbar riga a dusar ƙanƙara, alhali ɗaki ɗaya yake haya, kicin da bayi yana rabawa da baƙi huɗu.

Kawu ya ce, "To Saudiyya fa? Can ai ba a jarrabawar yare." Gaskiyarsa, iƙama ba ta neman gwajin Larabci. Sai dai tun 2020 baƙon ma'aikaci na biyan riyal 400 duk wata kan kowane mutum da ke ƙarƙashinsa. Mata da 'ya'ya uku riyal 1,600 ke nan, ba a zo maganar haya ba, kuma tsawon shekarun zama ba ya mayar da kai ɗan ƙasa.

Abin da muka tsayar da Kawu shi ne a sayar da masara a biya kuɗin jarrabawa, fadama ta tsaya sai an ga sakamako da takardar ɗaukar aiki mai ɗauke da albashi, mu zauna mu cire haya daga ciki a kan takarda. Yaron yana ajina yanzu. A gwajin makon jiya ya samu 6 a sauraro, saura maki ɗaya.